Na Yi Wa Matata Ƙarya Da AI Don Ta Bar Koyon Kodin

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk masu bibiyarsa. Allah ya sa kuna lafiya. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma sunayen da za ku gani a ciki duk na canza su. Don Allah wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Na san wasu za su zage ni, ban ce ban cancanta ba, amma shekara guda ke nan ina zagin kaina a zuci kuma bai gyara komai ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni magidanci ne, shekarata talatin da huɗu. A Ƙofar Ran aka haife ni, cikin garin Bauchi, yanzu kuma ina haya a Gwallameji da matata da 'yarmu ɗaya. Sana'ata kodin, wato rubuta manhajojin kwamfuta da na waya. Ba a makaranta na koya ba, don labarin ƙasa na karanta a jami'a. Da na gama na rasa aiki, sai na kama koyo da kaina a zauren gidanmu, da wata tsohuwar laftof da batirinta ya lalace, wadda da an ɗauke wuta take mutuwa tare da duk abin da ban adana ba. Shekara huɗu na yi a haka kafin wani ya yarda ya ba ni aiki. Yayyena in za su wuce kasuwa sai su leƙo su ce, "Har yanzu ana nan ana danne-dannen?" Mahaifiyata kuwa ta sha kirana gefe ta ce in bi ɗaya daga cikinsu shago. Na cije. Daga baya Allah ya buɗa, na fara yi wa makarantu da shagunan magani shafukan intanet, sannan wani kamfani a Legas ya ɗauke ni ina yi masa aiki daga gida. Waɗanda suke yi mini dariya su ne suka laƙaba mini Injiniya. Ina faɗin wannan ne don ku gane cewa kodin a wurina ba hanyar abinci ba ce kawai. Shi ne abu ɗaya da na iya wanda babu wanda ya iya shi a duk danginmu.

Matata, bari in kira ta Sadiya, malamar lissafi ce a wata sakandare mai zaman kanta. Mace ce mai sanyin magana, tun da muka yi aure ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Lokacin da ta haifi 'yarmu Ilham tana hutun haihuwa, sai ta riƙa jawo kujera kusa da teburina, jaririya a kafaɗa, tana kallon abin da nake yi. Wata rana ta nuna fuskar kwamfutar ta ce, "Abban Ilham, wannan layin me yake cewa?" Na yi mata bayani. Washegari ta sake tambaya. Ba zan ɓoye muku ba, don burgewa na fara koya mata. Ina jin daɗin yadda take kallona in ina bayani. Ban taɓa kawowa a raina abin zai wuce nan ba.

Sai ga shi abin da ya ɗauke ni wata biyu kafin ya zauna mini a kai, ita cikin mako ɗaya ta wuce shi. Ta sayi littafi tana rubuta kodin da biro a makaranta in ba ta da aji, ta dawo gida ta gwada a laftof ɗina, kuma sau da yawa ya yi aiki a karon farko. Ranar da na fara jin wani abu ya soke ni, ina fama ne da wani kuskure a aikin kamfani, kwana biyu na kasa gano inda yake. Ta kawo mini abinci, ta tsaya a bayana da faranti a hannu, ta dubi fuskar kwamfutar kamar minti ɗaya, sannan ta ce, "Ba daga sifili ya kamata ya fara ƙirgen ba? Na ga kamar yana tsallake na farko." Shi ne kuwa. Na yi dariya, na sa mata albarka, na ce ɗaliba ta fara kayar da malaminta. Ta koma kicin tana murna. Ni kuwa masa ce da miyar taushe a gabana, abincin da na fi so, amma da ƙyar na ci guda uku. Wace irin zuciya ce wannan? Matarka, uwar 'yarka, ta fitar da kai daga matsala, kai kuma ka ji kamar an mare ka a bainar jama'a?

A daidai wannan lokacin ne AI ya shigo da ƙarfinsa, manhajojin nan da za ka faɗa musu abin da kake so su rubuta maka kodin ɗin da kansu. Da farko mun ɗauke shi abin wasa. Sannan masu ba ni aiki suka fara ja da baya. Wani mai shagon magani da na yi shekara uku ina kula masa da shafinsa ya ce mini ƙaninsa ya haɗa masa sabo da AI a yini ɗaya, kada in wahalar da kaina. Bayan 'yan watanni kamfanin Legas ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Ban faɗa wa kowa a Ƙofar Ran ba, ana ta kirana Injiniya ina amsawa. Sadiya ta sani, kuma wallahi ba ta taɓa nuna mini komai ba sai lallashi. Amma ku duba yadda abin ya zo mini. Ni kullum ƙasa nake yi, ita kullum sama, kuma a abin da ni na koya mata da hannuna.

Tana da abokiyar aiki, zan kira ta Rifkatu, 'yar kudancin jihar nan ce, tana zaune a Yalwa, tana koyar da fiziks a makarantarsu. Sadiya ce ta jawo ta cikin koyon kodin, har suka buɗe wa 'yan matan makarantar ajin koyo duk ranar Alhamis bayan an tashi. Rifkatu ce ta kawo labarin wani kamfani da ke horar da mutane na wata tara daga gida, wanda ya yi ƙoƙari kuma su haɗa shi da aiki. Sai an ci jarrabawa ake shiga. Su biyu suka nema. Abin da Sadiya ba ta sani ba har yau shi ne ni ma na nema, a ɓoye. Na ce a raina in na shiga na samu hanyar komawa aiki, kuma ai wannan jarrabawar a wurina wasan yara ce. Rana ɗaya sakamakonmu ya fito. Ina zaune a falo da waya a hannu, ina sake karanta saƙon ban-haƙurin da suka turo mini, na ji tsayuwar keke a ƙofar gida. Ta shigo ko jakarta ba ta ajiye ba, ta ce, "Abban Ilham, sun ɗauke ni. Ni da Rifkatu duka." Na kifa wayar a kan kujera, na miƙe na taya ta murna. Ta ce, "Ai kai ne silar komai." Da ta san yadda maganar nan ta ƙona ni da ba ta faɗa ba. Shekara goma ina wannan abu, an auna ni da matata da ta fara da jaririya a kafaɗa, an ce ita ce, ba ni ba.

Sharaɗin shi ne darussan da safe ake yi, dole ta ajiye koyarwa, kuma an ba su mako biyu su ba da amsa. Nan ne tsoro ya kama ta, don ta ga abin da ya same ni, kuma ko'ina ka juya ana cewa AI ya kashe kodin. Wata safiya tana shirya Ilham ta ce mini, "Ni fa na kasa yanke shawara. In na bar aikina na yi wata tara, na fito na tarar kwamfuta ta riga ta iya komai fa? Kai ne masani. Har yanzu akwai amfani a koyon nan, ko wahala kawai zan sha? Abin da ka ce shi zan yi." Ta miƙo mini ragamar rayuwarta ba tare da wani shakku ba. Da na ce mata ban sani ba, da gaskiya na faɗa, don har ga Allah ban sani ba. Amma sai na ce, "Ba sai na faɗa miki da baki ba. Ki bari zuwa Asabar, zan nuna miki ki gani da idonki."

Ga abin da na yi. Sadiya tana da wata manhaja da ta kwashe wata biyu tana ginawa, ta haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai. A zuba maki, ta fitar da jimilla, ta jera na ɗaya har na ƙarshe, ta buga katin kowane yaro. Ita ce abin alfaharinta. Tana fita makaranta ranar Laraba na zauna na ce wa AI ya gina mini irinta. Cikin minti kaɗan ya zubo abu mai kyan gani, har ya fi nata ado. Amma da na gwada sai ga ɓarna. In yara biyu suka yi kunnen doki, sai ya ba ɗaya na uku ya ba ɗaya na huɗu ba dalili. Yaron da bai rubuta jarrabawa ba saboda rashin lafiya sai ya sa masa sifili ya jefa shi ƙarshen aji. Sunaye irin Ɗahiru da Ƙasimu kuwa, in an zo buga kati sai harafin farko ya zama wani akwati. Na ce ya gyara, ya gyara wannan ya ɓata wancan. Yini biyu ina kai, ina gyarawa da hannuna. Maganar yara marasa lafiya ita ce ta gagare mu, ni da shi duka. Ranar Juma'a, kafin in tafi masallaci, na buɗe aikin Sadiya na ga yadda ta warware ta cikin 'yan layuka. Na kwafe, na canza sunaye da tsari yadda ba za ta gane hannunta ba, na dasa a ciki. Sannan na yi wanka na tafi masallaci kamar ban yi komai ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na kira ta, ta zauna kusa da ni. Na buɗe AI a gabanta na rubuta layi biyu kacal, cewa ya gina mini manhajar haɗa sakamakon makaranta. Yana cikin zubo rubutu na ce, "Leƙa Ilham, na ji kamar ta buɗe famfo." Kafin ta dawo na rufe nasa na buɗe wanda na yi kwana uku ina gyarawa. Na tura mata laftof ɗin na ce ta gwada duk yadda take so. Ta sa yara biyu da maki ɗaya, ya ba su matsayi ɗaya. Ta rubuta Ɗahiru, ya fito daidai. Sannan ta bar gurbin wani yaro babu maki, ta danna, ta zuba ido. Ya fito yadda ya kamata. Sai ta ɗago kai.

"Minti nawa ya yi?" ta tambaye ni.

Na ce, "Bai kai biyar ba."

Ta ce, "Ni wata biyu." Ta ɗan yi murmushi, irin wanda mutum ke yi don kada ya yi kuka. "Har yadda na yi da marasa lafiya, haka ya yi. Kwana takwas ina tunanin wannan wurin. Kamar ya shiga kaina ya ɗauko."

Jama'a, a nan ya kamata in tsaya. Maganar tana bakina. Amma sai na ji kaina ina yi mata wa'azi, wai ni da na yi shekara goma ga halin da nake ciki, ina ga wanda zai fara yanzu, wai koyarwa aiki ne mai daraja da ba kwamfutar da za ta karɓe, wai ba na so ta saki abin da ke hannunta ta zo tana da-na-sani. Kowace jimla akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ta shige ta. Ta ce, "Allah ya saka da alheri da ka nuna mini tun da wuri." Ta ma roƙe ni in rubuta musu amsar, wai na fi ta iya tsara irin wannan saƙon. Ni na rubuta cewa ta gode amma ba za ta samu dama ba. Ni na tura.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da na ji. Makonni ina jin kamar an sauke mini kaya. Na koma ni kaɗai ne Injiniya a gidan. Ta daina jawo kujera kusa da teburina, ta daina tsayawa a bayana in ta kawo abinci, sai ta ajiye ta juya. Littafinta na rubutun kodin ta ba Ilham tana zane a sauran shafukan. Rifkatu ta bar makarantar ta shiga horon, ajin 'yan matan nan na Alhamis kuma ya mutu, don Sadiya ta ce ba za ta ɓata wa 'ya'yan mutane lokaci a kan abin da ya wuce ba. Wata rana mun je suna a Ƙofar Ran, 'yar yayana da ta gama sakandare ta zo gaishe mu, ta ce tana so ta karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Kafin in buɗe baki Sadiya ta ce, "Ki nemi wani abin, 'yata. Babanki Injiniya ya nuna mini da idona, abin da na yi wata biyu ina yi, kwamfuta ta yi shi kafin in je tsakar gida in dawo." Yarinyar ta kalle ni, na gyaɗa kai. Yanzu wani fannin take karantawa. Ƙaryar da na yi wa mutum ɗaya a falona, ga ta nan tana yawo a bakin matar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Akwai kuma wani abin, tunda na fara gara in faɗi duka. Bayan wata uku wani mai makaranta a Tirwun ya tambaye ni ko ina da manhajar haɗa sakamako. Na ba shi waccan da na gyara. Ya ji daɗinta ya faɗa wa wasu, yanzu makarantu huɗu ke amfani da ita, kuma ita ce aikin da ya fi rufa mini asiri a bana. Abin da suka fi yabawa shi ne yadda take kula da yaran da ba su rubuta jarrabawa ba, wai sun gwada wasu manhajojin duk a nan suke faɗuwa. In sun yaba in ce na gode. Sadiya ta san da maganar, amma a tunaninta aikin AI ne na ɗan shafa wa mai. Har addu'a take yi mini a kai. Ba ta san tunaninta na kwana takwas muke ci ba.

Da haka muka zauna har ranar Lahadin da ta wuce. Rifkatu ta biyo gidanmu da rana bayan ta taso daga coci, ta kawo wa Ilham takalmi. Ta gama horon, kuma an ɗauke ta aiki, daga ɗakinta a Yalwa take yi. Ina falo aka yi hirar, ban samu hanyar fita ba. Ba ta yi alfahari ba, ta ma faɗi gaskiya cewa ba duk waɗanda suka gama tare ne suka samu aiki ba, wasu har yanzu suna gida, kuma ƙananan ayyukan da ake ba sababbi a da yawancinsu sun tafi. Sadiya ta ce, "To ke me kike yi musu, tunda AI yana rubuta komai?" Rifkatu ta ce, "Yini muke yi da shi. Shi yana rubutawa, ni ina karantawa. Yana da sauri, amma in ya yi kuskure ba ya jin kunya, haka zai miƙo miki yana cewa ya gama. In ba ki iya kodin ba, ta ina za ki kama shi? Ai ke wannan aikin ya dace da ke fiye da ni. Har yau ban gane me ya sa kika fasa ba."

Nan Sadiya ta ba ta labarin ranar Asabar ɗin nan, tiryan-tiryan, har da layi biyun da na rubuta. Rifkatu ta juyo ta kalle ni. "Baban Ilham, layi biyu kawai? Har da kunnen doki da marasa lafiya, a karon farko?" Na ce ai ya danganta da yadda mutum ya iya tambaya. Ta ce, "To sai ka koya mini, don ni kullum nake tambayarsa, bai taɓa yi mini haka ba." Ta yi dariya, ni ma na yi ta dole. Kafin ta tafi ta ce za a sake ɗaukar sababbi, kuma ta yi magana da mai kula da horon, ya tuna Sadiya saboda makin da ta ci. Ya ce in ta turo saƙo kafin ƙarshen watan nan za su karɓe ta ba sai ta sake jarrabawa ba. Sadiya ta ce, "A'a, ni na wuce wurin." Amma na ga hannunta yana murza gefen mayafinta, kuma na san me hakan yake nufi.

Jiya da yamma na dawo daga Tirwun na tarar da ita a teburina, laftof a buɗe, karon farko cikin shekara guda. Ba ta tashi ba. Ta ce, "Abban Ilham, na rubuta masa layi biyun nan, yadda ka rubuta. Sau uku na gwada. Duk sau ukun sifili yake ba yaro mara lafiya. Ko ni ce ban iya tambaya ba?" Na ajiye hulata, na ce ai kullum canza su ake yi, wataƙila na yanzu bai kai na bara ba. Ƙarya a kan ƙarya. Ta kalle ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Ba fushi ba ne, irin kallon da take yi wa lissafin da amsarsa ta ƙi fita ne. Sannan ta ce, "To. Ranar Asabar ka sake nuna mini. Na ce wa Rifkatu ma ta zo." Ta rufe laftof ɗin ta tafi ɗora girki. Har yanzu ba ta sake tayar da maganar ba, tana yi mini komai yadda ta saba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da a ce faɗa ta yi.

Yau Laraba. Zan faɗa muku inda lalacewata ta kai. Da safen nan, tana fita makaranta, na zauna ina tunanin yadda zan sake shirya wata dabarar da ko Rifkatu ba za ta gane ba. Na yi kusan awa ɗaya a kai kafin na ji tsoron kaina na rufe kwamfutar, na ɗauki waya na fara rubuto muku.

Na yi tunanin in ce mata kawai ta tura saƙon, in ce na canza ra'ayi, in ƙarfafa mata gwiwa, in bar tsohuwar maganar a binne. Ta samu damarta, ni kuma mutuncina ya tsira. Amma in na yi haka za ta shiga ne tana ganin akwai ranar da kwamfuta ta yi aikinta na wata biyu cikin minti biyar, alhali ba a taɓa yi ba. Kuma anya ba ta riga ta gane ba? Anya Asabar ɗin nan ba dama ce take ba ni in faɗa da bakina ba? In kuma na faɗa mata komai, jarrabawar da na faɗi, da kwana ukun, da famfon da Ilham ba ta buɗe ba, da aikinta da nake kaiwa makarantu da sunana, da wane ido za ta sake kallona? Wannan mace ce da ta ce mini abin da ka ce shi zan yi. Wa zai sake faɗa wa mutum haka bayan ya ji wannan?

Sannan ga wata damuwar da nake so waɗanda ke cikin harkar nan su amsa mini tsakani da Allah, don ni yanzu ban yarda da hukuncin kaina ba. Har yanzu koyon kodin yana da amfani? Ni dai abin da na gani da idona shi ne, ba don na iya ba da ban gane ɓarnar da AI ya yi ba, kuma ba don ita ta fi ni iyawa ba da ban gyara ba. Amma kuma ni ɗin nan da na iya, ga ni an sallame ni. In na ce ta ajiye koyarwa ta shiga, bayan wata tara ta zama cikin waɗanda ke zaune a gida fa? Na cuce ta sau biyu ke nan. Ko kuwa wannan tsoron ma tsohuwar hassadar ce ta sake shiga?

Don ba zan yi muku ƙarya ba, hassadar ba ta tafi ba. Ko yanzu da nake rubutun nan, in na hango ta a teburin nan tana aiki da kamfanin da ya ce ban isa ba, in na hango ranar da za a ji a Ƙofar Ran cewa ita ce ke riƙe da gidan, sai in ji raina ya ɓaci. Ina son matata, Allah ne shaida. Kuma ina jin zafin ta fi ni. Ban san yadda abubuwan nan biyu suka zauna a zuciya ɗaya ba, kuma ban san wanne ne zai yi magana in na buɗe baki a gabanta ba.

Asabar saura kwana uku. Ita da Rifkatu za su zauna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma wannan karon ba wanda zan iya aikawa tsakar gida. Don Allah, maza da mata, musamman matan da ke nan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. Me zan yi?